Ƙarin Albashi da Hutun Sabatikal a Jami'o'in Tarayyar Nijeriya: Ƙa'idoji da Yadda Ake Aiki da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan hanyoyin da malamin jami'a yake bi ya sami ƙarin albashi da kuma hutun sabatikal a jami'o'in Gwamnatin Tarayyar Nijeriya. An bibiyi tarihin jadawalin albashin malamai tun daga zamanin Kwamitin Udoji zuwa jadawalin CONUASS, sannan aka rarrabe ƙofofi uku da kuɗi yake shigowa ta cikinsu, wato matakin shekara-shekara da ƙarin girma da gyaran jadawali baki ɗaya. Maƙalar ta nuna cewa ƙanƙantar ƙofa ta farko da yawan rufewar ta uku sun sa nauyi ya taru a kan ƙarin girma, shi kuma ƙarin girma ya rataya a kan ƙidayar wallafe-wallafe. An kuma duba asalin hutun sabatikal da sharuɗɗansa da yadda ya rikiɗe ya zama hanyar cike giɓin albashi, tare da abin da hakan yake jawo wa ayyukan bincike masu cin dogon lokaci a fagen nazarin Hausa.

Fitilun Kalmomi: ƙarin girma, albashi, sabatikal, wallafa, tantancewa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a sashe a lokacin da ake cike fom na tantancewar shekara ya san yadda yanayin wurin yake sauyawa. Ana neman kwafen mujallun da suka makara a maɗaba'a, ana tuntuɓar editoci a kan takardar shaidar karɓar maƙala, ana ta lissafin maki a bayan ambulan. Wannan hidima tana da dalili, domin a tsarin da ake kai, rayuwar iyalin malami da matsayinsa a tsakanin takwarorinsa da ma shekarun da zai yi kafin ya yi ritaya duk suna da alaƙa da abin da zai fito daga wannan tantancewa. Duk da haka, ba kasafai ake rubutu a kan batun a matsayin abin nazari ba. Ƙaramin malami yakan koye shi ne daga bakin na gaba da shi, wani lokaci bayan ya riga ya yi asarar shekara guda saboda rashin sanin wata ƙa'ida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta shimfiɗa tsarin a fili, ta nuna inda ya samo asali, ta kuma auna tasirinsa a kan irin binciken da ake gudanarwa. An taƙaita bayani a kan jami'o'in tarayya, saboda su ne jami'o'in jihohi suke kwaikwayo a mafi yawan ƙa'idojinsu. An waiwayi Amurka a wuraren da kwatance zai ƙara haske, musamman da yake a can ne hutun sabatikal ya fara zama ƙa'idar jami'a.

2.0 Tsanin Muƙamai da Jadawalin Albashi

Muƙaman koyarwa a jami'ar Nijeriya hawa bakwai ne. A ƙasa akwai malami mai koyon aiki, wanda ake ɗauka da digiri na farko mai daraja, sai Mataimakin Lakcara, sai Lakcara na Biyu, sai Lakcara na Ɗaya, sai Babban Lakcara, sai Mataimakin Farfesa wanda wasu jami'o'i suke kira Rida bisa al'adar Ingila, sannan Farfesa ko Shehin Malami. Kowane muƙami yana da ajinsa a jadawalin albashi na CONUASS, daga aji na 1 zuwa na 7, kuma a cikin kowane aji akwai matakai da malami yake takawa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan jadawali yana da tarihi mai cike da ja-in-ja. Rahoton Kwamitin Udoji na 1974 ya shigar da ma'aikatan jami'a cikin tsarin albashi na bai-ɗaya tare da sauran ma'aikatan gwamnati, abin da malamai suka ɗauka a matsayin rage wa jami'a 'yancinta da darajarta. A 1978 aka kafa Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wato ASUU, wadda ta gaji wata ƙungiya da ta wanzu tun 1965. Kwamitin Cookey na 1981 ya ba da shawarar a ware wa jami'o'i jadawalinsu, aka kuwa yi hakan. Daga nan sai yarjejeniyar 1992, wadda aka cimma lokacin da Attahiru Jega yake shugabancin ƙungiyar. Ita ta samar wa malamai jadawali na daban, ita ce kuma ta haifar da asusun harajin ilimi na 1993, wanda dokar 2011 ta mayar da shi TETFund. An fara aiki da CONUASS a 2007, aka sabunta shi bayan yarjejeniyar 2009. Abin lura a wannan jerin shekaru shi ne, kusan kowane babban gyara ya biyo bayan yajin aiki ne ko barazanarsa.

3.0 Ƙofofin Ƙarin Albashi

3.1 Matakin Shekara-Shekara

Wannan ita ce ƙofa mafi sauƙi. Malamin da ba a same shi da laifi ba, kuma rahoton shugaban sashensa bai nuna gazawa ba, yakan hau mataki ɗaya a cikin ajinsa duk shekara. Ƙarin ɗan kaɗan ne, kuma yana da iyaka, domin idan mutum ya kai matakin ƙarshe na ajinsa sai ya tsaya cik har ranar da zai sami ƙarin girma. Farfesan da ya kai ƙarshen aji na 7 ba shi da sauran inda zai taka. Jami'a tana da ikon dakatar da wannan mataki ko jinkirta shi a matsayin horo, amma ba ta cika amfani da shi wajen bambanta mai ƙwazo da wanda ya yi sanyi ba.

A nan akwai bambanci da abin da yake faruwa a jami'o'in bincike da yawa na Amurka, inda ake ware wani kaso na kuɗi duk shekara a raba shi gwargwadon ƙwazo, har malamai biyu masu muƙami ɗaya su riƙa karɓar albashi mabambanci, wani kuma ya kawo takardar tayin aiki daga wata jami'a a ƙara masa don kada ya tafi. Tsarin Nijeriya ya fi kama da na kwalejojin al'umma masu shekara biyu na jihar Kaliforniya, inda ake da jadawali mai layuka da ginshiƙai: shekarun aiki suna sauko da mutum layi-layi, ƙarin karatu kuma yana matsar da shi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Irin wannan tsari yana toshe ƙofar son kai wajen biyan albashi, sai dai ba ya barin wurin saka wa wanda ya yi fice.

3.2 Ƙarin Girma

Ƙofa ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita malami yake da hannu a cikinta. A galibin jami'o'i ana bukatar mutum ya yi aƙalla shekara uku a muƙami kafin a duba shi don na gaba. Ke nan wanda ya shigo da digirin digirgir aka ɗauke shi a matsayin Lakcara na Biyu yana da hawa huɗu a gabansa, wato shekara goma sha biyu idan bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wanda ya fara daga Mataimakin Lakcara kuwa yana da hawa biyar, shekara goma sha biyar. Wannan lissafi na takarda ne. A zahiri jinkirin kammala digiri na uku da yajin aiki da jiran rahoton masu tantancewa sukan tsawaita shi.

Aikin yana farawa ne daga sashe. Malami ya cike fom, ya jera abin da ya koyar da ɗaliban da ya duba da abin da ya wallafa da muƙaman da ya riƙe. Kwamitin sashe ya duba ya ba da maki, a miƙa wa kwamitin tsangaya, daga nan zuwa babban kwamitin naɗe-naɗe da ƙarin girma wanda Shugaban Jami'a yake jagoranta, sannan Hukumar Gudanarwar Jami'a ta amince. A mafi yawan jami'o'in tarayya ƙarin girma yana fara aiki daga 1 ga Oktoba, ko da takardar ta fito bayan watanni, shi ya sa maganar bashin ariyas ba ta rabuwa da shi.

Abubuwan da ake aunawa sun haɗa da takardun shaidar karatu da koyarwa da bincike da hidimar jami'a da ta al'umma. A rubuce duk suna da maki. A aikace kuwa wallafa ita ce alƙali, domin sauran rukunonin kusan kowa yakan cika su, alhali ita tana da mafi ƙarancin adadin da idan ba a kai shi ba, babu abin da zai cece mutum. Digirin digirgir shi ma shinge ne da ba a tsallakewa, musamman daga Babban Lakcara zuwa sama. Kowace jami'a tana da littafinta na ƙa'idoji da ke fayyace makin maƙalar mujalla da na babi a cikin littafi da na cikakken littafi da na takardar taron ƙara wa juna sani, da yadda ake raba maki idan marubuta sun yi tarayya. Wasu suna sharɗanta cewa kada maƙalu da yawa su fito a mujalla ɗaya, ko a mujallar sashen da malamin yake, ko a cikin shekara ɗaya. Duk waɗannan dokoki an kafa su ne bayan an ga wata dabara da wasu suka yi.

Muƙamai biyu na sama suna da ƙarin sharaɗi, wato tantancewar waje. Idan jami'a ta gamsu cewa malami ya cika sharuɗɗan farko, sai ta tattara ayyukansa ta aika wa farfesoshi a wasu jami'o'i, yawanci uku, a asirce. Ana bukatar aƙalla biyu su ba da rahoto mai kyau. Hikimar wannan ita ce a fitar da hukunci daga hannun abokan zama, waɗanda ƙauna ko ƙiyayya za ta iya rinjayarsu. Matsalarsa kuma jinkiri ne: mai tantancewa yana da nasa ɗawainiyar, ladan aikin ba shi da yawa, don haka kunshin takardu yakan yi shekara ko fiye a kan teburinsa. A fannoni masu ƙarancin manyan malamai, kamar wasu rassan nazarin harsunan Nijeriya, sirrin ma na jeka-na-yi-ka ne, tunda waɗanda suka cancanci duba aikin a kan ƙirga su da yatsu.

Akwai kuma batun gurbi. Ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ya tsara cewa a sashe a sami kashi 20 cikin 100 masu muƙamin Farfesa da Mataimakinsa, kashi 35 Manyan Lakcarori, kashi 45 kuma Lakcara na Ɗaya zuwa ƙasa. Sashe mai malamai ashirin ke nan zai kasance da huɗu a sama, bakwai a tsakiya, tara a ƙasa. Tsofaffin jami'o'i sukan yi nauyi a sama, sababbi kuma su rasa na saman gaba ɗaya. Za a ga tasirin wannan rashin daidaito idan an zo kan sabatikal. Tun bayan gyaran doka na 2012 kuma, wanda ya kai shekarun ritayar masu muƙamin farfesa zuwa 70 alhali na ƙasa da su suna tafiya a 65, hawa na sama ya ƙara daraja: bayan ƙarin albashi, yana ɗauke da ƙarin shekara biyar na aiki.

3.3 Gyaran Jadawali da Alawus-Alawus

Ƙofa ta uku ba ta hannun malami ɗaya ba ce, ta ciniki ce tsakanin ƙungiya da gwamnati. Yarjejeniyar 2009, wadda Gamaliel Onosode ya jagoranci ɓangaren gwamnati wajen ƙulla ta, ta tanadi a riƙa sake duba ta duk bayan shekara uku. Ba a kafa kwamitin sake tattaunawa ba sai 2017, a ƙarƙashin Wale Babalakin. Bayansa aka yi na Munzali Jibril, aka yi na Nimi Briggs a 2022, kuma a tsakanin nan an yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A 2023 gwamnati ta amince da ƙarin kashi 35 cikin 100 ga farfesoshi da kashi 25 ga sauran malamai.

Domin a gane nauyin wannan ƙari sai an ɗora shi a kan darajar kuɗi. A 2009 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 150. A farkon 2024 ta haura naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekarar. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, wato ya kusa ninkawa huɗu. Jadawalin malamai bai yi irin wannan tafiya ba. Wanda ya hau daga Babban Lakcara zuwa Farfesa a cikin waɗannan shekaru yana iya tarar da cewa abin da albashinsa yake saye a kasuwa ya ragu, duk da hawa biyun da ya yi.

Yarjejeniyar ta kuma tanadi alawus na ayyukan da malami ya yi, kamar duba ɗaliban manyan digirori da sa ido a kan gwajin koyarwa da riƙe muƙamin shugabanci da ɗaukar nauyin da ya wuce ƙima. Wannan shi ne sashen da ya fi kusa da biyan mutum gwargwadon guminsa. Sai dai an daɗe ana biyansa a dunƙule, jefi-jefi, bayan ya taru ya zama bashi, kuma rabonsa ya sha haddasa saɓani tsakanin malamai da sauran ma'aikata.

4.0 Abin da Ma'aunin Yake Gani da Wanda Ba Ya Gani

Tunda ƙofa ta farko ƙarama ce, ta uku kuma tana daɗewa a rufe, sai kowa ya nufi ta tsakiya. Sakamakon haka a bayyane yake. Bincike ɗaya yakan rabu gida uku ya zama maƙalu uku. Kundin digiri yakan zama rumbun da ake ɗiba har ya ƙare. Sunaye sukan taru a kan maƙalar da mutum ɗaya ya rubuta, bisa fahimtar cewa gobe za a rama. Mujallun cin riba, waɗanda suke buga duk abin da aka biya kuɗinsa, sun sami kasuwa, har jerin sunayensu da wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa fitarwa kafin ya rufe shi a 2017 ya zama abin dubawa ga kwamitocin tantancewa. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan lalacewar hali. Mutum yana shuka abin da ake saye ne.

Maganin da jami'o'i da dama suka kawo shi ne sharaɗin cewa wani kaso na ayyukan malami ya fito a mujallun ƙasashen waje, ko a waɗanda suke cikin rumbunan Scopus da Web of Science. Ga mai nazarin kimiyyar haɗa magunguna wannan sharaɗi yana da ma'ana, domin a can abokan muhawararsa suke. Ga mai nazarin salon waƙoƙin fada ko karin harshen Sakkwatanci, lamarin ya sha bamban. Waɗannan rumbuna sun fi karkata ga Ingilishi, alhali masana da za su iya gane kuskurensa ko ingancinsa suna karanta Harsunan Nijeriya da Algaita da Harshe da Ɗunɗaye da makamantansu ne. Idan aka tilasta masa ya juya aikinsa zuwa Ingilishi don neman maki, rabin maƙalar yakan tafi wajen fassara misalai da bayyana abin da kowane ɗalibin aji ɗaya ya sani, zurfin nazarin kuma ya ragu. Wannan koke ba na masu Hausa kaɗai ba ne. Sanarwar San Faransisko a kan auna bincike, wadda aka tsara a 2012, ta yi kira da a daina auna maƙala da sunan mujallar da ta fito a ciki, Yunƙurin Helsinki na 2019 kuma ya nemi a daraja binciken da aka wallafa a kowane harshe. Amma kariyar mujallun gida tana da sharaɗi: sai tantancewarsu ta zama ta gaske, suna fitowa a kan kari, ana kuma samunsu a intanet. Mujallar da take karɓar maƙala ranar Litinin ta ba da takardar amincewa ranar Laraba ta ba masu raina ta hujja.

Wani abin da ma'aunin ba ya gani sosai shi ne aiki mai cin shekaru. Ƙamusun Bargery, wanda ya fito a 1934, ya ci fiye da shekara goma ana tattara shi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 aikin gayya ne na dogon zango. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a 1988, har yau ana komawa gare shi. A ƙarƙashin lissafin shekara uku-uku, malamin da ya duƙufa a kan irin wannan aiki, ko a kan tace rubutun ajami, ko naɗar waƙoƙin makaɗan da suke ƙarewa, zai ga sa'o'insa sun wuce shi da gajerun maƙalu. Koyarwa ma haka take: wanda yake riƙe da aji mai ɗalibai ɗari uku, alhali ma'aunin hukuma na fannin fasaha malami ɗaya ne ga ɗalibai talatin, makinsa na koyarwa bai cika bambanta da na mai ɗalibai ashirin ba.

5.0 Hutun Sabatikal

Kalmar ta samo asali ne daga Ibrananci, daga sunan ranar hutu ta bakwai, kuma tushenta ɗaya da kalmar Larabci da ta ba Hausa sunan ranar Asabar. A cikin Attaura akwai umarnin a noma ƙasa shekara shida, a bar ta ta huta a ta bakwai. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan hikima, domin shi ma yakan bar gona ta zama saura don ta maido da ƙarfinta. Jami'ar Harvard ce ta fara mayar da wannan ƙa'idar aiki a 1880, zamanin shugabancin Charles Eliot, inda aka ba malami damar hutun shekara guda a kan rabin albashi sau ɗaya a cikin shekara bakwai. Tsarin da ya yaɗu a Amurka daga baya shi ne zaɓi tsakanin zango ɗaya da cikakken albashi ko shekara guda da rabinsa. A can ana ɗaukarsa a matsayin jarin da jami'a take zubawa: malami yana gabatar da tsarin aikin da zai yi, kwamiti ya tace, wani ya samu wani ya rasa, kuma galibi ba a yarda ya kama wani cikakken aikin albashi a lokacin ba sai da izini.

A Nijeriya ƙa'idar da aka fi sani ita ce, malami mai muƙamin Babban Lakcara zuwa sama, wanda aka tabbatar da aikinsa, yana cancantar hutun shekara guda da cikakken albashi bayan shekara shida na aiki ba yankewa. Yakan nema ta hannun shugaban sashe da na tsangaya, ya haɗa da tsarin abin da zai yi da takardar gayyata daga inda za shi. Sashe yana tabbatar da cewa akwai mai riƙe darussansa, shi ya sa ba a barin mutane da yawa su fita a lokaci ɗaya. Idan ya dawo ana bukatar ya kawo rahoto, ya kuma yi wa jami'arsa aiki na wani ƙayyadadden lokaci, yawanci shekara guda, kafin ya iya ajiye aiki. Ya kamata a bambanta shi da hutun ƙaro karatu, wanda ake ba ƙananan malamai don neman digiri, sau da yawa da tallafin TETFund, da kuma hutun da ba albashi wanda mai riƙe muƙamin gwamnati yake ɗauka.

A takarda, wannan tanadi ya fi na Amurka karamci, tunda shekara ce cikakkiya da albashi cikakke. Inda aka rabu shi ne abin da ake yi da shekarar. Al'adar da ta kafu ita ce malami ya tafi wata jami'a a cikin ƙasa, ita ma ta biya shi albashin muƙaminsa, ya zama yana karɓa biyu. Jami'ar da ta karɓe shi tana da bukatarta: sababbin jami'o'i ba su da manyan malamai, kuma ba za su tsallake tantancewar kwasa-kwasai ta NUC ba sai sun nuna suna da su. Saboda haka baƙon yakan tarar an tanadar masa darussa daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, da ɗaliban da zai duba, wani lokaci har da shugabancin sashe ko na tsangaya. Gonar da aka ce ta huta sai ga ta ana noma ta rani da damina.

Ba za a ce wannan al'ada ba ta da amfani ba. Sassan Hausa da dama a sababbin jami'o'in arewa sun tsaya da ƙafafunsu ne ta hannun malaman sabatikal da na ziyara, waɗanda suka tsara manhaja, suka horar da ƙananan malamai, suka kafa mujallu. Shi kansa malamin, shekarar nan ce sau da yawa take ba shi damar kammala ginin gida ko biyan kuɗin karatun 'ya'ya, kuma babu mai adalcin da zai zarge shi a kan haka idan ya dubi lissafin da ya gabata a sashe na 3.3. Amma littafin da aka rubuta a takardar neman hutu cewa za a kammala yakan dawo yadda ya tafi, rahoton dawowa kuma ya zama shafi biyu da ake sakawa a fayil ba tare da wani ya karanta ba.

Yadda wannan tsari ya dogara da albashi biyu ya fito fili ne lokacin da gwamnati ta shigar da jami'o'i cikin manhajar biyan albashi ta bai-ɗaya, wato IPPIS, a 2020. An gina manhajar ne a kan ma'aikaci ɗaya, albashi ɗaya, don haka ba ta da gurbin malamin sabatikal ko na ziyara da zai karɓi kuɗi daga jami'ar tarayya ta biyu. Wannan yana cikin manyan hujjojin da ASUU ta kafa wajen ƙin ta, har ta ƙirƙiro tata manhajar mai suna UTAS. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga IPPIS. A shekarun da ke tsakani, malamai da yawa sun karkata zuwa jami'o'in jihohi da masu zaman kansu don yin sabatikal, wasu sassan na tarayya kuma suka rasa baƙin da suke dogaro da su.

Gyaran da yake hannun jami'o'i, ba sai an jira Abuja ba, ya shafi abubuwa biyu. Na farko, jami'ar da ta karɓi baƙo tana iya ƙayyade masa nauyin koyarwa, misali kwas ɗaya ko biyu a zango, a rubuta hakan a takardar gayyata, ta yadda rabin makonsa zai zama na bincike. Na biyu, jami'arsa ta asali tana iya haɗa neman sabatikal da neman tallafin bincike na cikin gida ko na buga littafi da TETFund take bayarwa, domin wanda ya zaɓi ya yi shekararsa a Gidan Arewa da ke Kaduna ko a Gidan Adana Kayan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko a ƙauyukan da makaɗa suke, ya sami kuɗin mota da na masauki da na kayan naɗar murya. A halin da ake ciki, wanda ya yi wannan zaɓi yana sadaukar da albashin shekara guda ne daga aljihunsa, sannan idan ya dawo da kundin waƙoƙi ɗari da ya naɗa ya rubuta ya yi musu sharhi, littafin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'o'i da yawa ba shi da layin da zai shigar da shi sai bayan ya sami maɗaba'ar da za ta buga.